Ƙafar da Auta Ke Wankewa

Ruwan da Mama ke zubawa a baho bai taɓa yin sanyi ba, wannan kam sai a yaba mata. Da kanta take ɗora shi a wuta, ta surka, ta tsoma gwiwar hannu ta ji ko ya yi daidai, sannan ta kawo shi tsakiyar falo da farin tawul a kafaɗarta. Duk Talatar da aka ga bahon nan a falo, to jiya Litinin ɗanta ya doki matarsa.

Matar, wadda kowa ke kira Auta, tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗayan yana kan cikinta da ya fara ɗaga riga. Cinyarta ta hagu ta kumbura ta yi tauri. Mijin, Mai-aski, yana zaune a kujera ya naɗe wando zuwa gwiwa, kansa a ƙasa, idanunsa jajur. Mutum ne mai saurin kuka, kuma hawayen na gaske ne. Da na ƙarya ne da Auta ta fi sanin yadda za ta yi da shi.

"Matso, 'yata," in ji Mama. "Ba a wuni da gaba a gidan nan."

Ƙa'idar gidan ke nan. In an samu saɓani, Mama ba ta tambayar wa ya yi wa wani me. Baho take kawowa, a wanke wa juna ƙafa yadda Ubangiji Yesu ya wanke wa almajiransa, a yi addu'a, magana ta mutu. Ta ce da haka ta riƙe aurenta har Allah ya ɗauki mijinta, kuma a zumuntar mata ta cocinsu har tsayar da ita ake yi ta koya wa sababbin aure. Mace ce ke farawa kullum, don a faɗar Mama, wanda ya riga durƙusawa shi ke kwashe albarka.

Auta ta durƙusa da ƙyar. Ta kama ƙafarsa ta dama ta tsoma a ruwa. Ta san ƙafar nan fiye da yadda ta san fuskarsa: babban yatsa mai kaurin farce, dunduniya mai kaushi, jijiyar da ke tasowa a sama in ya taka da ƙarfi. Ita ce jiya ta yi ta samunta a cinya. Yanzu ga ta a tafin hannunta, tsakaninta da cikin bai fi taƙi ɗaya ba. Yatsun suka ɗan motsa saboda ɗumin ruwa, Auta ta zabura har ruwan ya fallatsu a ƙasa.

"Ki yafe mini," ya ce. "Allah ya sani ban san lokacin da nake yi ba. Wani duhu ne ke rufe mini ido. Sai dai kawai in farga in gan ki a ƙasa."

"Kin ji ko?" in ji Mama. "Ba shi ba ne. Ɗan da na goya a bayana bai iya wannan ba. Shaiɗan ne ya ga gida ya zauna lafiya, ga albarka tana tafe, ya ce sai ya shiga."

Ta ɗaga hannu ta fara addu'a. Mama ta iya addu'a. Ta kori Shaiɗan ta ƙofa, ta kore shi ta taga, ta bi shi ƙarƙashin gado da bayan kabad, har magudanar banɗaki ba ta bar masa ba. Shaiɗan ya sha kora a gidan nan. Mai-aski kuwa ba a taɓa samun wanda ya dube shi ya ce masa ko da "kada ka ƙara" ba.

Da aka ce amin, shi ma ya durƙusa ya wanke ƙafafun matarsa. Hannunsa laushi kamar auduga, shi ya sa a layin shagunansu mutane ke zaman jira a benci, sai shi zai taɓa musu kai. Ya goge mata kowane yatsa da tawul yana shessheƙa. Auta ta ce ta yafe, don ba a tashi daga gaban bahon sai an faɗi haka.

Litinin ce ranar da ba ya buɗe shago. Ita ce kuma ranar da Mama ke fita addu'ar mata bayan abincin rana, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Tun daga yammacin Lahadi Auta kan fara shiri. Ta wanke tawul ɗin shago ta shanya, ta bi su tana shinshinawa ko akwai mai warin danshi. Ta goge, ta ninke, ta jera. Ta rage magana, ta rage dariya, ta daina tsayawa gaisuwa da maƙwabta a bakin famfo. Duk da haka ba a rasa dalili. Wata Litinin ɗin tawul ne, wata gishiri ne ya yi yawa, wata kuma wai ya kira ta ta amsa da wata irin murya.

Ta koyi faɗuwa. Da ta ji ya sa sakata, sai ta nufi kusurwar da ke tsakanin gado da bango, ta juya baya, ta naɗe gwiwoyi, ta rungume cikin. Da can dabarar tana aiki, ƙafa ta samu cinya, ta samu baya, ta samu ƙugu. Amma cikin girma yake yi. Gwiwoyinta sun daina rufe shi, kusurwar ma ta fara yi mata kaɗan. Yaron yana motsi sosai, musamman in ta sha ruwan sanyi, kuma duk motsin da ya yi sai ta ji daɗi da tsoro sun taso mata tare.

Wata rana suna gyaran ganyen miya ita da Mama a bakin kicin, ta yi ƙarfin hali.

"Mama, ranar Litinin in bi ki addu'a mana."

"Rana ɗaya mijinki ke hutawa a mako, ki bar shi ki bi tsofaffi? Me za a ce da ni?"

"Mama, in ƙafar ta samu cikin fa?"

"Rufe bakinki. Ba a kira wa kai mugun abu." Mama ta ajiye ganyen, ta sassauta murya. "Saurara, 'yata. Abin a jini yake. Ubansa haka ya yi, kakansa ma an ce haka. Tun da mutum na farko ya faɗi, kowa da kason da ya gada, su wannan ne nasu. Akwai wanda ya zaɓi jinin da za a haife shi da shi?" Ta ɗage zani ta nuna ƙwaurinta, inda ƙashi ya karkace ya warke a haka. "Kin gani? Ga ni ban mutu ba."

Auta ta dubi ƙwaurin, ta dubi fuskar tsohuwar. Babu mugunta a fuskar ko kaɗan, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan. Mama ta ja zaninta ta rufe, ta ce a yi sauri kada wuta ta ci a banza.

Wata Asabar ya manta da jakar tawul a gida, ya yi waya ta kai masa. Shagon ɗaki ɗaya ne, madubi ya cinye bango guda, ga kujerun aski biyu, ga benci cike da masu jira, ga gashi an share an tara a gefe. Abokin aikinsa, wani dogo mai barkwanci, ya matsar da mutane ya ce a bar uwar ƙaramin oga ta zauna.

A kujerar Mai-aski akwai wani ƙaton mutum mai tumbi, an shafa masa kumfa a haɓa. Ya duba madubi ya ga layin da aka fitar masa a goshi bai yi masa ba. Nan take ya hau zagi. Ya ce aikin banza, ya ce jaki ma in an ba shi inji zai fi haka. Ya fizge tawul daga wuyansa ya jefa wa Mai-aski a fuska, sannan ya zagi uwar da ta haife shi, a gaban kowa.

Reza tana hannun Mai-aski, maƙogwaron mutumin a buɗe a gabansa. Auta ta san abin da ke biyo bayan maganar da ba ta kai rabin wannan ba. Ta ƙura wa idanun mijinta ido tana jiran duhun nan ya sauko, tana cewa a ranta yau za a yi kisa a gabana.

Mai-aski ya sunkuya ya ɗauki tawul ɗin ya karkaɗe.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Laifina ne. Bari in gyara."

Ya gyara layin. Ya ɗaga haɓar mutumin da yatsu biyu, ya bi wuyan da reza a hankali, ko ƙwarzane babu. Ya shafa masa hoda, ya riƙe masa ƙaramin madubi ya ga ƙeyarsa, ya raka shi har bakin ƙofa. Da ya dawo ya wanke hannu, ya ɗauko mai yana murza yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ga mijinki, Madam?" in ji dogon yana dariya. "Hannun nan ya fi jariri gata. Ko murfin kwalba ne ya yi tauri ni yake miƙo wa. Wai in yatsa ɗaya ya kumbura sana'a ta tsaya."

Masu jira suka yi dariya. Auta ba ta yi ba. Ta tuna sau ɗaya tak ya taɓa kai mata hannu, farkon aurensu. Yatsansa ya kumbura, ya kwana biyu bai iya riƙe reza ba. Tun daga ranar bai sake ba. In ya rufe ƙofa, aljihu yake zuba hannuwansa.

Ta fito ta kama hanya, rana na dukanta amma sanyi take ji. Wane irin duhu ne wannan da ya san hanyar gida bai san hanyar shago ba? Wane Shaiɗan ne ke tausayin yatsun mai aski har ya tuna masa ya ɓoye su? Da Shaiɗan ne da da sauƙi, tun da an ce addu'a na korarsa. Amma in mijinta ne da kansa, da hankalinsa, yake duban hannu ya dubi ƙafa ya zaɓa, to ba ta san abin da zai tsayar da shi ba.

Washegari Lahadi bayan sujadar coci ta jira mutane suka ragu, ta samu Dattijo a ƙaramin ɗakin da ake tara kujeru. Shi ne babba a dattawan cocin, shi ke koyar da masu shirin baftisma, kuma shi ya tsaya musu ranar aurensu. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, tambaya gare ni. In mutum ya yi zunubi ya ce Shaiɗan ne ya sa shi, laifin na wa ne?"

Fuskar Dattijo ta washe. Irin tambayar da yake so ke nan. Ya jawo kujera ya ce ta zauna.

"Nasa ne, 'yata. Shaiɗan kira yake yi, kamar mai talla a bakin ƙofa. Yana iya wuni yana kira, amma ba shi da ikon buɗe ƙofarki. Ke ce za ki tashi ki buɗe. Gaskiya ne an haife mu da karkata zuwa ga mugunta, amma karkata daban, aikatawa daban. Allah bai yi mu itace ba. Ya ba mu ikon cewa a'a, ya kuma ba mu alherinsa ya taimake mu. Shi ya sa ranar shari'a ba uban mutum za a tambaya abin da ɗan ya yi ba, shi za a tambaya. Kuma wanda bai ce 'ni na yi' ba bai fara tuba ba tukuna, ko da ya cika bokiti da hawaye."

Auta ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka. Ta faɗa masa komai: Litinin, da sakata, da kusurwa, da aljihu, da baho. Tana magana tana waiwayen ƙofa.

Tun kafin ta gama fuskar Dattijo ta canza. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Mai-aski ne shugaban masu tarbar baƙi a ƙofar coci. Mama kuwa ginshiƙi ce, ba taron da ake yi ba ita.

"To," ya ce. "To. Ai kin san maganar gida daban take. Dukanmu masu zunubi ne, 'yata, ba mai nuna wa wani yatsa. Ke ma ki binciki zuciyarki, ko akwai abin da kike yi da ke buɗe wa Magabci Shaiɗan hanya. Mutumin da ke kuka yana neman gafara, mu su wane ne da za mu hukunta shi?"

"Baba, yanzu fa ka ce..."

"Abin da na faɗa koyarwa ce, tana nan daram. Amma aure sai da hikima. Bari, zan yi masa magana."

"Kada ka yi, Baba. Don Allah kada ka yi yau. Gobe Litinin."

"Haba, ai kamar ɗana ne. Kalma biyu ce kawai."

Daga bakin ɗakin ta hango su a harabar coci. Dattijo ya dafa kafaɗar Mai-aski yana magana yana murmushi, irin maganar nan ta a riƙa haƙuri da iyali. Mai-aski yana gyaɗa kai cikin ladabi, hannuwansa a baya. Sai ya ɗaga ido ta saman kafaɗar Dattijo ya same ta inda take tsaye. Bai ɓata rai ba. Kallonta kawai ya yi har sai da ta sunkuyar da kai.

Har gari ya waye bai ce mata komai ba. Da safe ta shirya ta ce za ta je awo asibiti. Ya ce ba yau ce ranarta ba, ta zauna. Ya karɓi wayarta ya sa a aljihun rigarsa. Ya ci abinci, ya yaba miya, ya zauna a falo yana share haƙoran injin aski da ɗan buroshi.

Bayan abincin rana Mama ta fito cikin kayan zumunta tana ɗaura ɗankwali. Auta ta bi ta kicin ta kama bakin zaninta da hannu biyu.

"Mama, kada ki fita yau. Na roƙe ki cikin sunan Yesu. Yau kaɗai."

Mama ta dube ta, ta leƙa falo ta dubi ɗanta. Ta gane. Ta zauna da ubansa, ta san irin wannan shirun. Ta yi jim, har Auta ta sa rai.

"Ni ce da jagorancin addu'a yau," ta ce a hankali. "In ban je ba za a yi ta tambaya. Zan sa ku a ciki."

Ta ɓamɓare yatsun Auta daga zaninta. Sannan ta miƙa hannu saman kabad ta sauko da bahon, ta ɗauraye shi, ta kife shi kusa da murhu inda zai yi sauƙin ɗauka da safe. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Auta ta ji ƙarar ƙofar waje, sannan ta ji sakata. Ta shige ɗaki ta nufi kusurwar, ta ga ba za ta ɗauke ta ba, sai ta tsaya a tsaye bayanta a jikin bango. Mai-aski ya shigo ya rufe taga. Ya zura hannuwansa a aljihun wando.

"Ni za ki kai ƙara coci."

"Maigida, tsaya." Ta dafe cikinta da hannu biyu. "Dube ni. Kana ganina yanzu?"

"Ina ganinki."

"Duhun bai zo ba tukuna?"

Ya tako zuwa gare ta.

"To tun bai zo ba ka fita. Ka je shago, ka je ko'ina. Ɗanka ne a nan. Yanzu ma yana motsi, kawo hannu ka ji. Za ka iya dannewa, na ga ka danne ranar Asabar."

Ya tsaya. Ta ga ya waiwayi ƙofa. Ƙofar tana nan a bayansa, ba wanda ya tare ta. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ciro hannu ya duba, ya ɗauka.

"Ranka ya daɗe, barka da rana. Lafiya lau. A'a, yau muna hutu, amma don kai ai sai in zo har gida. Da yamma? Ba damuwa. A gaishe da iyali."

Har da 'yar dariya. Ya kashe wayar ya ɗora ta a tsakiyar gado don kada ta zame. Ya mayar da hannun aljihu. Ya matso, ya dubi wurin da hannuwanta suka kasa rufewa, ya ɗaga ƙafar dama.

Mama ce ta dawo ta tarar da Auta kwance cikin jini, shi yana zaune a bakin gado yana kuka kamar ransa zai fita. A cikin tasi Mama ta ɗora kan Auta a cinyarta tana shafa mata goshi.

"Santsi ne," take faɗa mata a kunne. "Kin shiga banɗaki santsi ya kwashe ki. Kin ji ko, 'yata? Santsi ne."

A asibiti wata nas mai furfura ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar da ke jiyo bugun zuciyar jariri. Ta kai ta dama, ta kai ta hagu, ta sauko ƙasa. Na'urar sai shuu take yi kamar rediyon da ya rasa tasha. Auta ba ta ɗauke ido daga fuskar nas ɗin ba.

"Ɗazu ya motsa," ta ce. "Ki ba ni ruwan sanyi. Yana motsi in na sha ruwan sanyi."

Nas ta ajiye na'urar. Ta fita ta kira likita.

Namiji ne. An nuna mata shi a naɗe cikin farin zane kafin a tafi da shi. Kansa cike da gashi baƙi wuluk.

Talata da safe Mama tana zaune a gefen gadon da shayi a hannu, ya huce ba a sha ba. Dattijo ya zo, yana tsaye daga wajen ƙafa riƙe da hularsa, ya kasa haɗa ido da kowa. Mai-aski yana can waje. An ce a benci ya kwana, bai sa komai a baki ba, mutane sai ba shi haƙuri suke yi.

"Ki daure, 'yata," in ji Mama. "Nufin Allah ne. Da ya so yaron ya rayu da ya rayu. Shi ya ga dama ya ɗauki abinsa."

"Haka ne," in ji Dattijo. "Ba mu isa mu tambayi Allah dalili ba."

Wannan maganar ita ce ke ƙona rai. Mutanen nan ba jahilai ba ne, sun san gaskiya, ɗayansu ma shi ke koyar da ita. Sun bi ko'ina suna neman wanda zai ɗauki laifin mutum ɗaya, kuma duk wanda suka ɗora wa sai ya zama wanda ba zai buɗe baki ya musa ba. Yanzu da kayan ya yi nauyin gawar jariri, sun rasa kan da zai ɗauka a duniya, sun ɗaga shi sama za su ɗora wa Allah, suna yi kuma da muryar ta'aziyya.

Auta ta juyo da kai a kan matashi. Leɓunanta sun tsage, maganar a hankali ta fito.

"Mama, da kika ce Shaiɗan ne na ce amin. Da kika ce jini ne na yi shiru. Baba ya ce in binciki kaina, na bincika. Amma Allah kam ku ƙyale shi. Ba Allah ne ya sa sakata ba."

"Zafin ciwo ne," in ji Mama da sauri, tana duban Dattijo. "Ba ta san abin da take faɗa ba."

Nas ɗin ta shigo da magani, ta ji ƙarshen zancen. Ta ajiye abin hannunta, ta tsaya a jikin gadon, ta juya wa Mama da Dattijo baya.

"Ƙanwata, ni na canza miki kaya jiya, na ga jikinki. Akwai sabon ciwo, akwai tsoho. An ce mini santsi ne. Ba zan yi magana a madadinki ba, don ba na wurin. In kin ce santsi ne, ranar da aka sallame ki tare da su za ki koma. In kin ce wani abu ne daban, akwai waɗanda zan kira yanzu, kuma wanda ya yi miki ba zai shigo ɗakin nan ba. Me ya same ki?"

"Auta," in ji Mama ƙasa-ƙasa. "Ki tuna ke mai yafiya ce. Kullum kina yafewa."

Sai ga taku a baranda. Auta za ta gane takun nan ko a tsakiyar kasuwa. Yana tahowa a hankali, yana jan hanci irin na wanda ya sha kuka. Kafin ta ankara hannuwanta biyu sun kai kan cikinta sun rungume, gwiwoyinta sun fara naɗewa. Hannuwan suka nutse cikin fatar da ta saki. Babu sauran abin da za su kare.

Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta janye su ta ajiye a kan zanen gado.

"Mijina ne," ta ce. "Shi ya shure ni a ciki, da ƙafarsa ta dama. Idonsa biyu. Sai da ya gama amsa waya."

Nas ta taka ta tura ƙofar ta murza makulli, daidai lokacin da takun ya iso. Aka ƙwanƙwasa a hankali, cikin ladabi. Mama ta rufe fuska da bakin ɗankwalinta. Dattijo ya laluba kujera ya zauna. Aka sake ƙwanƙwasawa. Nas ta ciro waya ta kira hukuma, ta kara wa Auta a baki, ta ce ta sake faɗa yadda ta faɗa, kada ta rage komai.

Ta sake faɗa.